Ajiyar ciyawa a tsaye: dabarar Amurka za ta ci a Garwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shanu goma da fili hekta uku a bayan Garwa. Na ji an ce makiyayan Amurka kan bar ciyawa a tsaye, shanu su riƙa tono ta ƙarƙashin dusar ƙanƙara suna ci duk hunturu. Mu ma za mu iya yin haka don rani?
Wani mai kiwo, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Labarin gaskiya ne. A jihohi irin su Kentaki da Misuri, tun watan Agusta ake janye shanu daga fili, a zuba taki, a bar ciyawar da suke kira feskiyu ta yi girma sai Nuwamba ko Disamba. Saniya kan ture ƙanƙara mai laushi da hanci ko da kaurinta ya kai taƙi guda. Matsala sai in ta narke ta sake daskarewa ta zama ɓawo, ya yanke musu hanci da ƙafa, a nan dole a koma ga busasshiyar ciyawa.

Sai dai sanyi ne ke adana tasu, ta daɗe da ɗanyenta. Tamu rana ce ke cinye ta. Gamba da kyasuwa da zarar sun yi fure sun zubar da iri, amfanin ya tafi. Zuwa Janairu furotin ɗin da ke ciki kan faɗi ƙasa da kashi 4 cikin 100, alhali tumbin saniya na neman kusan kashi 7 kafin ya narka abinci da kyau. Shi ya sa za ka ga saniya ciki taf amma ƙashin haƙarƙari a waje.

Don haka raba filin biyu. Rabi ka yanke a Satumba lokacin da ciyawa ta fara fitar da kai, ka shanya kwana biyu zuwa uku, ka ɗora a kan rumfa nesa da ƙasa saboda gara. Wannan ita ce ta Maris da Afrilu, kada ka taɓa ta da wuri. Ɗaya rabin ka hana kiwo tun Agusta, ka share hanyar wuta mai faɗin mita biyar kewaye da shi kafin iskar hunturu ta taso. Wanda ya yi sakaci da wannan, ashana ɗaya ta mafarauci ta gama da shi.

Kada ka yi lissafi da ido. Yanki murabba'in mita ɗaya a wurare biyar, ka busar, ka auna. In kowanne ya ba da giram 300, tan uku ke nan a hekta. Rabi kawai za ka ƙirga, sauran na takawa ne da gara da iska. Saniya mai kilo 250 na cin kusan kilo shida a rana, wato hekta ɗaya za ta riƙe shanunka goma kwana 25 ko kusa da haka. Bai kai yadda mutane ke zato ba.

Abin da ya fi dacewa a ara daga Amurkawa shi ne rabon. Ba sa sakin garke cikin fili gaba ɗaya. Waya mai lantarki suke ja, su buɗe yankin kwana ɗaya zuwa uku, suna farawa daga wajen ruwa. In ba ka da wayar, igiya da turaku da yaro mai lura sun isa. In ka sake su sakaka, a mako guda za su tsince ganye su tattake saura.

Kowace babbar saniya ka ƙara mata kilo ɗaya na dusar angurya a rana, wadda ba ta wuyar samu a Garwa da Marwa albarkacin kamfanin auduga na SODECOTON, gara ka saya tun kaka kafin ta yi tsada. Harawar gyaɗa ko ta wake ka ware wa masu shayarwa, a ajiye gishiri da kanwa kusa da wurin shan ruwa. 'Yan maruƙan da ba su fara tuƙa ba, kada a ba su dusar angurya.