Amsa ga ɗan'uwan da kwamfutarsa Dell ta ƙi tashi bayan ya ajiye ta

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka har sau biyu, kuma sai da gabana ya faɗi, domin abin da ka kwatanta shi ne ya same ni a 2019. Ka ce kwamfutarka Dell Latitude E6420 ce, ka ajiye ta kusan wata biyu ba ka kunna ba, yanzu kuma tana nuna tambarin Windows 10, sai fuskarta ta koma shuɗiya da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ta sake kunna kanta, sannan mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, wato a goge komai a ɗora sabon Windows. Don girman Allah kada ka yarda tukuna.

Tawa ma irin taka ce sak. A lokacin ina rubuta kundin digirina na biyu, na gama babi uku, na shigar da amsoshin da na sha wahalar tattarowa daga ƙauyuka, sannan a cikinta ne kaɗai nake da hotunan mahaifina na shekarunsa na ƙarshe, Allah ya jiƙansa. Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa, na faɗa masa da bakina, ba sau ɗaya ba, cewa akwai aikina a ciki, kada ya taɓa komai sai ya kira ni. Ya ce in kwantar da hankalina, in dawo bayan la'asar. Da na dawo sai ya miƙo mini ita yana murmushi, ya ce ta dawo sabuwa fil. Na buɗe, na tarar da fuska wayam, babu ko fayil ɗaya. Na tambaye shi ina takarduna, sai ya ce ai ƙwayar cuta ce ta cinye su tun kafin in kawo, alhali ko dubawa bai yi ba, ya goge faifan ajiyar gaba ɗaya ya ɗora sabon Windows a kai. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a kan bencinsa na fi rabin sa'a ban ce uffan ba, shi kuwa ya ci gaba da hira da maƙwabcinsa, daga baya ma ya tuna mini ban biya kuɗin aiki ba. Har yau ba asarar ce ta fi yi mini ciwo ba, ƙaryar da ya shara mini ido cikin ido ce. Da manhajar PhotoRec na ceto wasu hotuna kaɗan, ba su da suna, wasu rabi a lalace, babukan kuwa sai da na sake rubuta su daga farko.

Abin takaicin shi ne, ko bayan fomatin ɗin, duk lokacin da na kunna ta sai ta yi ƙorafin cewa ba a saita lokaci ba. Wani ɗalibi ne ya gano mini dalili: ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon ciki, mai ƙarfin bolt 3, shi ne ya mutu. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato saitin da kwamfuta ke tashi da shi tun kafin Windows, idan babu wuta, to idan ya ƙare, babban batirin ma ya riga ya mutu kamar yadda aka saba a tsofaffin kwamfutoci, sai saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani. A BIOS ɗin wannan samfurin akwai wurin da aka rubuta SATA Operation, inda ake zaɓar yadda kwamfuta za ta yi magana da faifan ajiya, kuma idan an ɗora Windows yana kan AHCI, sannan ya koma RAID On, Windows zai rasa hanyar karanta faifan da yake zaune a kai, shi ne wannan shuɗiyar fuskar. Gyaran minti biyu ne aka yi mini asarar shekara guda a kansa.

Saboda haka ka kunna ta kana danna F2 har ka shiga BIOS, ka fara duba kwanan wata. Idan ka ga ya koma shekarun baya, to zargina ya kusa tabbata. Ka rubuta a takarda abin da ka tarar a SATA Operation kafin ka canza, ka mayar da shi AHCI, ka adana, ka gwada. Ka duba kuma ko tsarin tashi yana kan Legacy ne ko UEFI, domin shi ma yana juyawa, kuma faifan da aka shirya wa ɗaya ba ya tashi da ɗayan.

Amma kafin duk wannan ma, da ni ne, ceto bayanai zan fara yi. Ka nemi filas, a saka maka Ubuntu, wani nau'in Linux da ke tayar da kwamfuta a madadin Windows, a ciki da manhajar Rufus, ka danna F12 ka tashi daga filas ɗin, ka zaɓi gwadawa kawai, kada ka kuskura ka zaɓi girkawa. Daga nan za ka ga fayilolinka, ka kwashe su zuwa wani wuri. Idan hakan ya yi maka wuya, faifan wannan kwamfutar yana zarowa ta gefe bayan an kwance 'yan kusoshi a ƙasa, sai a saka shi a gidan USB a haɗa da wata kwamfutar, kana tsaye a wurin, kada ka matsa ko nan da can.

A jerin F12 ɗin nan akwai Diagnostics, ka bar shi ya yi gwajinsa. Idan ya ba ka lamba 2000-0142, faifan ne ke mutuwa, haka ma idan kana jin yana ƙas-ƙas a ciki. A wannan halin ka daina kunna ta barkatai, kada kuma ka bari a yi masa chkdsk, umarnin Windows na bincike da gyaran faifai, kafin a kwashe bayanai, domin wahalar da faifai mai rauni na iya ƙarasa shi. Sai idan gwajin ya nuna lafiyarsa ƙalau, saitin ma daidai, sannan za ka nemi filas ɗin Windows ka gwada Startup Repair, ko umarnin bootrec /rebuildbcd.

Ni daga baya sabon faifan ajiya na SSD na saka wa tawa, na canza ƙaramin batirin, har yanzu ƙanwata na aiki da ita, sai dai tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025 nake tunanin mayar da ita Linux. Ka shiga BIOS ɗin yau, ka ɗauko mana hoton kwanan watan da na shafin SATA Operation, in Allah ya yarda zan duba bayan sallar isha'i. Allah ya fitar maka da bayananka lafiya.