Zama a unguwar Adachi ta Tokyo: me ya kamata baƙo ya sani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu aiki a Tokyo, zan tafi da iyalina. An ce mini Adachi ta fi sauƙin kuɗin haya, amma wasu na cewa unguwar talakawa ce, babu tsaro. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Adachi ɗaya ce daga cikin gundumomi 23 na Tokyo, can arewa maso gabas, kuma gaskiya hayarta ta fi ta Shibuya ko Minato sauƙi nesa ba kusa ba. Maganar rashin tsaro tsohon suna ne da ya bi unguwar. Mace na iya dawowa daga tasha da dare ita kaɗai, yara na tafiya makaranta da ƙafa. Wannan kada ya hana ka barci.

Abin da zai girgiza aljihunka shi ne kuɗin shiga gida. Bayan hayar watan farko, akwai shikikin, ajiyar da ake cire kuɗin gyara daga ciki ranar da za ka tashi. Akwai reikin, kuɗin godiya ga mai gida, wanda ba ya dawowa har abada. Sai la'adar dillali, da kuɗin kamfanin da zai tsaya maka lamuni, da inshorar gobara. Idan aka haɗa, sau da yawa yakan kai hayar wata huɗu ko biyar. Bayan shekara 2 kuma a nemi kuɗin sabunta yarjejeniya. Wasu masu gidaje ma ba sa ba baƙi haya, kuma abin da ciwo, amma yana faruwa.

Shi ya sa nake cewa ka fara da gidajen UR, hukumar gidajen haya da ke ƙarƙashin gwamnatin Japan, waɗanda suke da yawa a Adachi, musamman wajen Takenotsuka. Babu reikin, babu la'ada, babu mai lamuni, babu kuɗin sabuntawa. Ajiyar wata 2 za ka bayar, ka nuna albashinka ya kai yadda suka gindaya. Da yawan gidajen tsofaffi ne, wasu benaye biyar babu na'urar hawa, amma ga mai iyali babu kamarsu.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne ruwa. Kogin Arakawa ya ratsa Adachi, ƙasar kuma kwari ce. Lokacin guguwar Hagibis a Oktoban 2019, mutane da dama sun kwana a makarantu saboda fargabar ambaliya. Ka karɓi taswirar ambaliya a ofishin gunduma kafin ka sa hannu, ka guji ɗakunan da ke ƙasan bene. Idan gidan haya ne na ɗan kasuwa, ka tambayi shekarar gininsa, domin a 1981 aka tsaurara dokar gini saboda girgizar ƙasa.

Cikin kwana 14 da tarewa dole ka yi rajistar adireshi a ofishin gunduma da katin zamanka. Kuma ka riƙe ranakun shara da kyau: mai ƙonuwa daban, kwalabe da gwangwani daban, a fitar da safe. Yawancin saɓanin baƙi da maƙwabta daga nan yake tasowa, sai hayaniyar dare, don bangon gidajen ba shi da kauri.

Ta fuskar addini ka yi sa'a. Daga tashar Kita-Senju da ke Adachi, jirgin ƙasa na layin Chiyoda zai kai ka Yoyogi-Uehara kai tsaye, inda babban masallacin Tokyo Camii yake. Layin Hibiya kuma zai sauke ka kusa da masallacin Okachimachi. Naman halal da kayan miya kuwa, unguwar Shin-Okubo za ka nufa. Sai dai ka gwada jirgin unguwar da ƙarfe 8 na safe kafin ka biya haya, musamman layin Nippori-Toneri, wanda cunkosonsa ya yi suna a duk Tokyo.