Ajiye sabuwar salansar, ɗauko mana tsohon manifol

Ka ce abin ya ɗaure maka kai. Mun gama haɗa injin Chevrolet 350 ɗin nan, mai motar ya kawo bututan salansa masu shafen tangaran da ya yi oda daga Amurka, suna ƙyalli kamar azurfa, sai ga shi na ce ka mayar da su kwali ka ɗauko tsohon manifol, wato matattarar hayaƙin inji, na ƙarfen zubi da tsatsa ta ci. A ganinka sabon inji da sabon kaya ya kamata ya tashi.

To yarona, jawo benci ka zauna. Mintuna 20 zuwa 30 na farkon rayuwar injin nan ba na salansa ba ne, na kamshaf ne, sandar da ke buɗe bawul. Ka tuna tafet ɗin da muka sa, ƙarafan da ke zaune a kan kamshaf, ƙasansu a shafe yake, ba masu ɗan gare ba ne. Irin wannan kamshaf yawancin man da yake samu fantsama ce daga karanshaf. Idan ka bar injin a silo, man ba ya isa, ƙarfe ya ci ƙarfe, kafin mako ka ji bawul ɗaya ya daina buɗewa. Shi ya sa yana kamawa za mu ɗaga shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti, muna ɗan hawa muna sauka, da baƙin mai mai sinadarin zinc, ba kuma za mu kashe ba sai in dole ta sa.

Yanzu dubi halin da bututu yake ciki a wannan lokacin. Mota a tsaye, babu iskar hanya da za ta fifita shi. Ringi da silinda ba su saba da juna ba, gogayya ta yi yawa. Kafireta ba a daidaita ta ba, taimin kuwa, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, da ƙiyasi aka dasa dilko mai raba wutar. Nan ne babbar matsalar take. Idan wutar fulogi ta makara, fetur bai gama ci ba bawul ɗin hayaƙi zai buɗe, sai ragowar wutar ta ƙarasa ci a cikin bututu. Haka ma in iska ta rinjayi mai, zafin hayaƙi ya hau. Manifol na ƙarfen zubi kauri gare shi, zai shanye ya yi shiru. Bututun nan kuwa kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da rabi ba ko ɗan sama da haka. Minti kaɗan ka ga kwanar farko, dab da tof, ta yi jajir.

Ƙyallin da ya burge ka garin alminiyom ne a cikin shafen, aka gasa aka goge. Alminiyom kuwa a digiri 660 na ma'aunin Celsius yake narkewa. Ƙarfen da ka ga ya yi jajir da rana tsaka ya riga ya wuce nan. Yana hucewa sai ka tarar da shi toka-toka, wani wurin har ya fara ɓarewa, kuma duk gugar da za ka yi ba ya dawowa. Masu ƙera su sun san haka. Kamfanin Hooker ma a takardar cikin kwali yake rubutawa cewa in ka yi tashin farko da bututu mai shafe, garanti ya faɗi.

Ni ma sai da na sha kafin na sani. Shekarun baya na yi wa wani alhaji irin wannan aiki, ɗoki ya ɗebe ni na ɗaura masa sababbin. Minti 7 da tashi na ga bututu biyu na baya sun yi ja. In kashe, na cuci kamshaf. In bari, na cuci salansa. Taura biyu ba ta taunuwa. Na juya dilko na ƙara taimin, jan ya sauka, amma aikin gama ya gama. Kuɗin aikina a kan bututun ya ƙare, kuma alhajin bai sake dawowa ba.

Za ka ce in wata rana babu tsohon manifol fa? Sai ka rage ɓarna. Ka dasa taimin da kyau tun inji bai tashi ba, fitilar taimin a hannun mutum ɗaya, yana kamawa a duba. A juyin nan ina son ganin wajen digiri 30 zuwa 34 gaba ɗaya. Ka cika kafireta da fetur don kada a yi ta jan sitata. Ka kafa babbar fanka tana hura gefen inji, ba lagireta kaɗai ba. Ka yi aikin a inuwa, domin a nan ido ke saurin kama ja. Idan kamshaf mai gare ne, abin da sauƙi, ba ya buƙatar wannan doguwar riƙewa, kana iya kashewa duk lokacin da ka ga zafi ya yi yawa.

Ranar da za mu ɗaura su, bayan kamshaf ya zauna, taimin da kafireta sun daidaita, akwai abin da yara ke rainawa: hannu. Shatin yatsa mai maiƙo ko ɗigon baƙin mai, in ya gasu a zafin farko, ya zama tambari na dindindin. Ka sa safar hannu, in ka gama ɗaurawa ka goge su tas da sipirit da tsumma mai tsabta. Mu tayar na 'yan mintuna, mu kashe ya huce sarai, mu maimaita sau biyu ko uku, sannan a fita hanya inda iska za ta yi nata aikin. Kada kuma ka bari wani ya ce a naɗe su da ƙyallen zafi. Yana tsare zafi da danshi, shafen ne zai ci wuya. Bayan hucewar farko ka sake bin kusoshin da sifana, daga tsakiya zuwa gefe, don gaskit yana kwantawa.

Tashi ka duba bayan kanta, manifol ɗin yana ƙarƙashin tsohuwar giyar nan. Ka kankare fuskarsa, ka ɗora rula a kai mu ga ko bai lanƙwashe ba.