Wai me Bature ke nufi da hysteria da hysterical?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Kwanaki mun ɗan yi sa-in-sa da wani ɗan ajinmu sai ya ce min "stop being hysterical". Washegari kuma ƙawata ta turo min bidiyon barkwanci ta rubuta "this is hysterical", sannan na ga "mass hysteria" a jarida. Don Allah kalma ɗaya ce ko daban-daban ne? Kuma shi ɗan ajin namu zagina ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da ta ƙarshen tunda na san ita ta fi tsaya miki a rai. Ba ashar ya yi miki ba, amma gaskiya akwai raini a ciki, don abin da yake nufi shi ne kin rikice kin fita hayyacinki, maganarki ba ta hankali ba ce balle a tsaya saurarenta. Kuma kalmar ta fi zafi in mace aka jefa da ita, dalilin yana can cikin asalinta.

Daga Girkanci ta fito, hystera, wato mahaifa. Tushen nan dai shi ne a hysterectomy da za ki haɗu da ita a darasi, tiyatar cire mahaifa. Likitocin Girka na dā sun ɗauka mahaifar mace tana barin mazauninta ta yi ta yawo a jiki, in ta taso sama ta tokare ƙirji sai mace ta kasa numfashi ko ta suma ko ta yi ta fizge-fizge, to wannan ne daga baya aka raɗa wa suna hysteria, aka shafe ɗaruruwan shekaru ana kallonta a matsayin ciwon mata zalla, duk macen da ta cika kuka ko ta ƙi abin da aka ce ta yi sai a manna mata. A ƙarshen ƙarni na 19 likita Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière a Paris ya nuna maza ma suna kamuwa, likitoci Sigmund Freud da Josef Breuer kuma suka fitar da nazarinsu a kai a 1895. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sunan daga jerin cututtukan da ke kundinta.

Wannan ya shafe ki kai tsaye, don Allah kar ki rubuta hysteria a fayil ɗin mara lafiya. Wanda ƙafarsa ta daina motsi ko yake jijjiga kamar mai farfaɗiya alhali gwaji bai nuna lahani a jijiya ba, yau conversion disorder ake cewa ko functional neurological disorder. Kuma ba ƙarya yake ba, ba iya shege ba ne, ciwon gaske ne yake ji. Tsohon sunan ya daɗe yana sa a yi watsi da irin waɗannan bayin Allah a ce neman a kula su suke yi, abin yana damuna ƙwarai.

A asibiti dai an ajiye ta, amma a bakin mutane tana nan daram. Hysterical sifa ce kuma fuska biyu gare ta. In mutum aka siffanta, she was hysterical, galibi ana nufin kuka da kururuwa har an kasa riƙe ta, kamar uwar da ɗanta ya ɓace a tasha tana ta zagaye motoci tana kiran sunansa ɗankwali ya faɗi ba ta ma sani ba. In kuma abu aka siffanta, bidiyo ko labari ko wasa, ma'anar ta juye ta koma ban dariya har ciki ya ƙulle, kin ga ƙawarki yabon bidiyon take. Haka hysterics, mai s a ƙarshe, she went into hysterics kuka ne da birgima, he had us in hysterics kuwa ya kashe mu da dariya ke nan. Wajen furuci ki danna gaɓa ta biyu, his-TE-rikal.

Ita kuwa mass hysteria ruɗani ne da ke bin jama'a daga wannan zuwa wancan ba tare da ƙwayar cuta ko guba ba, likitoci sun fi son mass psychogenic illness. A 1518 a birnin Strasbourg, da ke Faransa ta yanzu, wata mata ta kama rawa a titi ta kasa tsayawa, mutane da yawa suka bi sahu har aka kwashe makonni. A 1962 a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Kashasha, Tanganyika, Tanzaniya ta yanzu, dariya ta kama ɗalibai uku ta bazu har ta taɓa 95 cikin 159, dole aka rufe makarantar. Irin abin nan da ake ji a makarantun 'yan mata a nan arewa da Nijar, wata ta yanke jiki ta faɗi sai ƙawayenta su bi, mutane su ce iskokai ne sun tashi, in jaridar Turanci za ta ba da labarin sau da yawa wannan sunan take sa masa. 'Yan jarida kuma suna cewa media hysteria ko war hysteria idan an zuzuta abu har tsoro ya wuce kima.

Akwai histrionic ma da ke rikita ɗalibai saboda kama, amma ba dangi ba ne, ita daga Latin take, histrio, ɗan wasan kwaikwayo, ana faɗinta ga mai yawan nuna-kai da ƙara wa abu gishiri.

In kina son bayyana halin mutum ba tare da kin ci masa fuska ba, ki ce upset in ransa ya ɓaci, distressed in yana cikin ƙunci, agitated in ya kasa zama wuri ɗaya, panicked in firgita ce ta kama shi. Waɗannan su za ki sa a rahoton aiki. Shi kuma ɗan ajin naku in ya sake, ki ce masa cikin natsuwa "I'm not hysterical, I disagree with you", sai ki ci gaba da kawo hujjarki.