Amsa kan tsohon littafin Emil da yaran Berlin

Assalamu alaikum. Hajiya, kin tambaya ko littafin Emil and the Detectives, wanda kika tsinta a kwalin tsofaffin littattafan maigidanki, ya dace da yaro ɗan shekara 10, ko kuwa zamani ya riga ya wuce shi. Na fara karanta shi ina ajin ƙarshe na firamare, sannan a hutun bara na karanta wa 'ya'yana uku shi bayan sallar isha'i, ina yi ina fassara musu wuraren da Turancin ya yi musu nauyi. Shawarata ita ce ki ba shi, amma ki zauna tare da shi a babukan farko.

Erich Kästner ne ya rubuta shi da Jamusanci, ya fito a 1929. Emil maraya ne, mahaifiyarsa tana gyaran gashin mata a cikin gida, kuma da wannan sana'a ta tara mak 140, kuɗin Jamus na wancan lokaci, ta ba shi ya tafi da su Berlin a jirgin ƙasa, 120 na kakarsa, sauran na guzurinsa da kuɗin komowa. Saboda tsoron kada su faɗi, sai ya soke ambulan ɗin da allura a cikin rigarsa. Wani mutum mai hular Turawa, wanda ya ce sunansa Grundeis, ya ba shi cakulan ya yi ta jansa da hira, barci ya kwashe yaron, da ya farka babu kuɗi babu mutumin. Littafin bai ce an zuba wani abu a cakulan ɗin ba, amma yarana ba su yarda ba ko kaɗan, domin sun sha jin gargaɗin da ake yi musu game da karɓar abin ci daga hannun baƙo a tasha.

Babban ɗana, mai shekara 13, shi ne ya fara kushe littafin. Ya ce wannan ba labarin bincike ba ne, tun da an san ɓarawon tun a cikin jirgi. Gaskiyarsa ce, kuma duk wanda ya zo neman sarƙaƙiyar da sai a shafin ƙarshe ake warware ta zai ji an yaudare shi. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne nauyin kuɗin nan a zuciyar yaron. Emil ya san kawuna nawa mahaifiyarsa ta wanke kafin ta haɗa su, shi ya sa ya kasa isa gidan kakarsa hannu rabbana, kuma ya kasa zuwa wurin 'yan sanda saboda ya taɓa shafa wa mutum-mutumin wani basarake jan hanci a garinsu, yana zaton nemansa ake yi. Da muka zo nan, ƙaramin ɗana ya yi tsit, na kuma san dalili, domin ba a daɗe ba da ya zubar da kuɗin niƙa ya ɓoye a bayan gida har magariba.

Labarin yana ɗaukar wuta ne daga lokacin da Gustav, yaron da ke yawo da odar mota a aljihu, ya tara yaran unguwa. Suka haɗa 'yan kuɗaɗensu, suka raba aiki, suka tsayar da kalmar sirri, suka bi mutumin har otal ɗin da ya sauka. Akwai wani ƙarami da ake kira Dienstag, wato Talata, wanda yarana suka raɗa wa Ɗantala, shi aka bari a gida yana gadin wayar tarho yana isar da saƙo, alhali ransa yana wurin farautar ɓarawo. A ƙarshe shi kakar Emil ta ware ta yaba wa. A ganina babu wurin da ya fi wannan kyau a littafin, ko da yake yara sun fi son wurin banki, inda ɓarawon ya je canjin kuɗin, ya rantse nasa ne, sai Emil ya ce a ɗaga takardun a duba, za a ga hujin allura. Da aka gano mutumin ɗan fashin banki ne da ake nema, aka ba Emil ladan mak 1,000.

'Yata kuwa, mai shekara 11, ƙorafinta a kan Pony ne, 'yar'uwar Emil mai keke, wadda ita kaɗai ce mace a cikin taron, ga baki ga wayo, amma aikinta bai wuce kawo wa maza kofi da burodi ba. Ban kare littafin a nan ba, domin abin da ta gani haka yake.

Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne farkon yana tafiya a hankali, kuma idan bugunki yana ɗauke da doguwar gabatarwar marubucin, ki tsallake ta sai daga baya. Ki kuma yi masa bayanin cewa bin sawun ɓarawo ba tare da sanin manya ba abin cikin labari ne, domin nawa sun kwana biyu suna bin mai sayar da ruwa a layinmu suna rubuta inda ya tsaya. Idan bugun yana da zanen Walter Trier, ki bar yaron ya daɗe a kan hotunan, don da su ƙaramin nawa ya gane yadda jirgin ƙasan cikin gari yake kafin in gama yi masa kwatance.