Tambayi Likita: Me Ya Sa Jikina Bai Kori Ciwon Hanta Da Kansa Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a Funtuwa, shekarata 29. Da muka je gwajin kafin aure aka ce ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B, alhali ko shawara ban taɓa yi ba. Wani abokina ya ce shi ma ya taɓa kamuwa da girmansa, amma jikinsa ya kori cutar ba tare da magani ba. Yanzu wani mai tallar magani ya kawo min kwalba, ya ce tana ƙara wa wasu sojojin jiki da ake kira NK ƙarfi, su kashe cutar cikin wata uku. Kuɗinta ya kusa cinye abin da na samu a ɗinkin Sallah. In saya? Kuma me ya sa jikina ya kasa abin da na abokina ya yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Tela. Allah Ya ba da lafiya, Ya sanya alheri a auren. Ka bar kuɗinka a aljihu, kada ka sayi kwalbar nan.

Sojojin da ya ambata kam akwai su, a nan bai yi maka ƙarya ba. Wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini. A 1975 Rolf Kiessling da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka gano su, a shekarar kuma Ronald Herberman ya ba da rahoton irinsu a Amurka. A cikin jini ba su da yawa, kamar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na ƙwayoyin da ake kira limfosait. Amma a hanta sun yi sansani, don a can sukan kai kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har kusan rabi.

Aikinsu kamar na 'yan sintirin unguwa ne da dare. Ɗan sintiri bai san fuskar ɓarawo ba, katin shaida yake tambaya. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana rataye da irin wannan kati a fatarta, masana suna ce masa HLA. Bairos da yawa idan sun shiga ƙwaya sukan sa ta ɓoye katin, don su tsere wa wasu sojojin masu horo, wato ƙwayoyin T, waɗanda ta jikin katin suke gane cewa akwai baƙo a ciki. To da NK ta iso ta ga ba kati, sai ta manne wa ƙwayar, ta huda ta da wani sinadari mai suna farforin, ta zuba mata guba ta ramin, ƙwayar ta mutu da abin da ke cikinta. Klas Kärre ne, shi ma ɗan Suwidin, ya tabbatar da wannan a 1986. Suna da aiki na biyu da ba a cika ambata ba: busa usur. Suna fitar da sinadarin intaferon-gama, wanda ke sa ƙwayoyin da ke kusa su danne bairos ɗin ba tare da an kashe su ba. Ga hanta, wannan na biyun ya fi daraja, don ana rage cuta ba a yi asarar tsoka ba.

In kana son sanin amfaninsu, dubi wanda ba shi da su. A 1989 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wata yarinya da ba ta da waɗannan ƙwayoyi. Farankama, wadda yara ke yi su tashi, ita ta kwantar da ita rai a hannun Allah, daga baya wasu bairos 'yan gidan su farankamar suka yi ta bin ta ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan labarin yaƙin kwanaki ne ko makonni. Naka kuwa ya ɗauki shekaru, kuma a nan ne maganar mai kwalba ta rushe. Idan bairos ya zauna a jiki ya daɗe, NK ba bacci suke yi ba balle a tashe su. Karkacewa suke yi. Ƙungiyar Farfesa Mala Maini a Landan ta daɗe tana bibiyar masu ciwon hanta nau'in B, kuma abin da suka gani shi ne usur ɗin ya dushe, intaferon ya ragu ƙwarai, amma hannun duka yana nan. A 2007 sun nuna cewa lokacin da ciwon ya motsa, NK na cikin masu kashe ƙwayoyin hanta ta hanyar wani sinadari da ake kira TRAIL. A 2013 kuma suka nuna abin da ya fi ban takaici: NK ɗin kan juya su kashe ƙwayoyin T ɗin da suka ƙware a kan wannan bairos, wato 'yan'uwansu da ya kamata su gama aikin.

Ka kuma riƙe wannan: bairos ɗin nau'in B shi kansa ba ya cika kashe ƙwayar hanta. Faɗan da garkuwar jiki ke yi da shi shekara da shekaru, ba nasara ba sulhu, shi ke barin tabo har hanta ta ƙanƙance. Saboda haka ko da a ce kwalbar tana yin abin da aka faɗa, ƙara wa mai dukan hantarka ƙarfin damtse ba alheri ba ne. Balle babu wani jiƙo ko ƙari na kwalba da aka tabbatar yana warkar da wannan ciwo. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne hantar ce dai za ta tace duk abin da ka haɗiya, kuma ba ka san me aka dama a ciki ba.

Batun abokinka kuwa, ba wai ya fi ka ƙarfin jini ba ne, lokacin kamuwa ne ya bambanta ku. Babba idan ya kamu, fiye da 95 cikin ɗari jikinsu na korar cutar. Jariri kuwa, kusan 90 cikin ɗari takan zauna musu, don garkuwarsa ba ta nuna ba, sai ta ɗauki baƙon kamar ɗan gida. A yankinmu yawanci tun ana ƙanana ake ɗauka, wajen haihuwa, ko tsakanin yara, ko ta askar da aka yi wa wani kaciya ko tsaga ko cire beli ba a tsabtace ta ba. Kuma ba kai kaɗai ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 da ita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutum miliyan 254 a duniya a 2022.

Kuɗin kwalbar ka kai su asibiti. A auna maka ALT, wanda ke nuna ko hanta na ƙuna, a auna yawan bairos a jini, a yi hoton hanta. Daga nan likita zai ce ko ka fara tenofobir ko entekabir, ko kuwa bibiya kawai kake buƙata a yanzu. Magungunan nan ba sa tumɓuke cutar, don tana ajiye irinta a can tsakiyar ƙwayar hanta, amma suna danne ta sosai, kuma an ga idan bairos ya ragu NK kan farfaɗo da wani ɓangare na aikinsu. In ka fara, kada ka daina da ra'ayin kanka, ciwon kan taso da ƙarfi. A gwada amarya, in ba ta da shi a yi mata riga-kafi. Duk ɗan da Allah Ya ba ku a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Ka kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, don gubarsu in ta haɗu da wannan ciwo tana ninka haɗarin kansar hanta.

Tambaya: Likita, ni ɗalibar aikin jinya ce a Maraɗi. An koya mana cewa NK ba sa tuna cutar da suka taɓa yaƙa. Haka ne?

Amsa: 'Yata, haka tsofaffin littattafai suka ce, amma an wuce nan. Akwai bairos mai suna CMV, wanda yawancinmu a Afirka muka ɗauka tun muna yara, yake zaune a jiki shiru har ƙarshen rai. A 2004 ƙungiyar Miguel López-Botet a Basalona ta Sifaniya ta lura cewa masu ɗauke da shi suna da tarin wasu NK masu alamar NKG2C. A 2009 kuma ƙungiyar Lewis Lanier a San Faransisko ta nuna a jikin ɓeraye cewa NK da suka taɓa haɗuwa da irin wannan bairos sukan daɗe watanni, in ya dawo kuma su fi na farko zafi. Ki karanta har da dabarar HIV, tana yawan fitowa a darasin garkuwar jiki: yana sauke katunan shaida nau'in HLA-A da HLA-B don ya ɓace wa ƙwayoyin T, amma yakan bar nau'in HLA-E a wurinsa don NK su ga kamar lafiya lau.