Amsa ga 'yar uwa mai tambaya kan jigida da abin hannu masu saurin tsinkewa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kin fara haɗa jigida da abin hannu da sarƙar wuya na duwatsu a gida don sha'awa, da zaren fatsa kike zura komai, kina ɗiga sufa gulu a kan ƙulli, amma kafin mako biyu sai abu ya tsinke duwatsu su warwatse, wasu kuma launinsu ya zuba ya ɓata jiki da zane. Kina so ki san ko duwatsun ne marasa kyau.

Kan launi, laifin duwatsu ne, zan zo kansa. Amma tsinkewa, kusan kullum daga zare take da yadda aka rufe bakin aiki. Kuskuren ya fara ne tun daga amfani da zare ɗaya a komai. Jigida, abin hannu da sarƙar wuya kowanne da irin wahalar da yake sha a jiki, don haka kowanne da zarensa.

Zaren fatsa, wanda 'yan kasuwa ke kira fishin layin, sili ɗaya ne mai santsi. Ƙulli ba ya kama shi da kyau, a hankali yake zamewa. Idan bakin dutse ya ɗan karce shi, daga wannan karcen yake tsinkewa gaba ɗaya, don babu wani sili na biyu da zai riƙe. Rana da zafi kuma suna sa shi gautsi, shi ya sa bai kamata ki sayi kwarkwaron da aka baje a rana a bakin shago ba. Wurin da yake da amfani shi ne aikin saƙa, irin jaka ko sarƙa mai faɗi, inda zare ke bi ta cikin dutse ɗaya sau biyu ko uku. A can zare mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.35 ya isa ƙananan duwatsu, jaka kuma tana son 0.5 zuwa 0.7. Ko a nan ba a dogara da ƙulli ɗaya. Idan kin gama, ki mayar da zaren baya ta cikin saƙar kamar santimita 5 ko 6, kina yin ƙaramin ƙulli a tsakanin duwatsu sau uku a wurare dabam-dabam, sannan ki yanke.

Jigida ita ta fi komai shan wahala: ana zama da ita, ana kwanciya, ana sunkuyawa, ga zufa, ga ruwan wanka, ga mai. Zaren da ya fi jure wannan shi ne lailon mai tufka, irin wanda dukawa da masu gyaran takalmi ke ɗinki da shi. Silinsa da yawa ne, ko ɗaya ya cinye sauran suna riƙe, kuma za ki ga ya fara gashi kafin ya tsinke, ki samu damar sake zurawa. Idan kina shakkar ko lailon ne, ki kusanta bakinsa da wutar ashana: lailon narkewa yake ya dunƙule, auduga kuwa ci take da wuta ta zama toka. Auduga tana shan zufa ta ruɓe, ban ba ki shawarar ta ga jigidar da za a riƙa wanka da ita ba.

Ki zaɓi kaurin da idan kin riɓa shi biyu zai cika hujin dutsen ba tare da an tilasta ba. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Siririn zare a cikin babban huji yana barin dutse ya riƙa kai da komo a kansa kamar zarto. Ƙananan duwatsun gilashi da ake kira san bid suna zuwa da lamba, kuma lambar a juye take: 11/0 kusan milimita 2 ne, 8/0 kusan 3, 6/0 kusan 4. Ga mai koyo 8/0 ko 6/0 sun fi sauƙi, hujinsu na karɓar zare riɓi biyu. Ba sai kin nemi allura ba. Ki shafa ɗan gam a bakin zaren tsawon santimita 3, ki murza, ki bari ya bushe, ki yanke shi a karkace, ya zama allurar kansa.

Awo kuwa, ki ɗaura tef ɗin tela daidai inda ake so jigidar ta zauna, ko saman cibiya ko kan kwankwaso, a kan fata ba a kan zane ba, kuma kada mai ita ta shanye ciki. Daga nan ta zauna a kujera ki sake dubawa, don ƙugu yana ƙaruwa da zama. Ki ɗauki awon zaman, ki ƙara inci ɗaya. Zaren ki yanke shi da rarar inci 10 zuwa 12 bayan kin riɓa, don ki samu abin kamawa wajen ƙulli. Ƙugu mai inci 36 yana cin kimanin gram 12 zuwa 15 na 8/0 a layi ɗaya, ko gram 25 zuwa 30 na 6/0. Ki sayi fiye da haka, domin duwatsu masu araha akwai toshassu da karkatattu a ciki, kuma idan kin koma kasuwa ba lallai ki sami launin daidai da na farko ba.

Abin da ke kashe jigida da yawa shi ne cika zare dam da duwatsu. Idan babu sarari, duk lokacin da aka lanƙwasa jiki duwatsun na turin juna, ƙarfin kuma a kan zare da ƙulli yake sauka. Kafin ki rufe, ki kwantar da ita a ƙasa ki zagaya ta ta zama da'ira, ki bar zare tsirara kamar faɗin duwatsu biyu ko uku. Idan ta ɗaurewa ce kai tsaye, ki yi ƙulli uku a jere, ki yanke da rarar milimita 3, ki narkar da bakin da ashana ki danne shi da gefen almakashi ya manne da ƙullin. Idan kuma mai cirewa ce, maɗauri mai murɗawa ya fi ƙugiya, don ƙugiya tana kama zane. Sai dai na ƙarfe mai araha yana tsatsa da ruwa, ki nemi na roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ki zura zaren ta cikin rabin maɗaurin, ki ɗaure shi a jikin ƙaramin dutse ɗaya, ki ja dutsen ya shige ciki ya toshe. Ƙulli shi kaɗai yakan zare ta hujin.

Wani abu da ya kamata a faɗa: jigidar da ake sa wa jarirai da ƙananan yara. Idan ta tsinke, dutse ɗaya ya isa ya shaƙe yaro ko ya shige hanci, kuma yaro yana girma da sauri har zare ya fara cin fata ba a lura ba. Wadda za ta yi wa yaro, ta yi ƙulli tsakanin duwatsu, ta riƙa duba ta kullum wajen wanka, kuma kada a sa wa jariri komai a wuya.

Abin hannu kuwa zaren roba mai miƙewa yake so, kuma a nan ne sufa gulu ya fi cutarwa. Yana bushewa ne ƙanƙam kamar gilashi, ya sandarar da robar, sai ta karye daidai gefen ƙulli. Ki duba waɗanda suka tsinke miki, za ki ga a nan suka rabu. Gam mai laushi ake so, kuma mafi sauƙin samu shi ne B-7000, wanda masu gyaran waya ke manna gilashin waya da shi. Ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa.

Roba mai kaurin milimita 0.5 ta ƙananan duwatsu ce marasa nauyi, 0.7 ko 0.8 ta duwatsu masu milimita 6 zuwa 8, 1.0 kuma ta manya. Ki yanke santimita 30, ki ja ta da ƙarfi sau biyar ko shida kafin ki zura komai. Robar da ba a ja ba, a hannun mai ita take sakewa, bayan kwana kaɗan a ga giɓi tsakanin duwatsu. Ki manna salatif a baki ɗaya don kada su zube. Wajen ƙulli, ki ɗora dama kan hagu ki zagaya sau biyu ki ja, sannan hagu kan dama ki ja. Daga nan ki kama bakin zaren biyu ki ja, ki kama ɓangarorin da ke ɗauke da duwatsu su ma ki ja, har ki ga ƙullin ya ƙanƙance ya daina motsi. Ki ɗiga gam, ki yanke da rarar milimita 2 ko 3, ki ja ƙullin ya ɓuya cikin dutse mai faɗin huji, ki bar shi kwana ɗaya kafin a sa.

Lissafin tsawonsa yana ruɗa masu koyo, don kaurin dutse yana cinye filin ciki. Ki auna wuyan hannu, ki ƙara kaurin dutsen sau uku. Hannu mai santimita 16 da dutse mai milimita 8 zai so tsawon 18 da rabi, wato duwatsu 23, ki ƙara ɗaya idan ana son ya ɗan saki. Da dutse mai milimita 6, guda 30 ne. Kuma ki gaya wa duk wadda kika ba, mirgina shi ake yi ta kan hannu, ba a buɗe shi da yatsu. Zafin kasko ma yana kashe roba, a cire kafin a shiga turaren wuta.

Sarƙar wuya mai nauyi, ta kiristal ko duwatsun ƙasa, taiga tel take so, wato siraran wayoyin ƙarfe da aka lulluɓe da lailon. Mai kaurin milimita 0.38 ta isa matsakaita, 0.45 ta masu nauyi. Ba a ƙulla ta, da sitofa ake rufewa, wato ɗan ƙaramin ƙarfe mai huji da ake matsewa ya riƙe wayar. Ki zura sitofa, ki bi ta zoben maɗauri, ki dawo ta cikin sitofar, ki bar ɗan madauki da maɗaurin zai riƙa motsi a ciki. Ki tabbata wayoyin biyu suna kwance gefe da gefe ba su haye juna ba, sannan ki matse da filaya mai shafaffen baki. Filaya mai haƙora tana yanka sitofa. Ragowar wayar ki tura ta cikin duwatsu uku ko huɗu kafin ki yanke, kada ta soki wuya. A baki na biyu ma ki lanƙwasa sarƙar ta zama da'ira kafin ki matse, in ba haka ba za ta sandare. Idan taiga tel ta karye ta yi gwiwa a wani wuri, ba ta miƙewa, a nan za ta tsinke, gara a sake. Tsawon santimita 40 zuwa 45 yana zama a gindin wuya, 50 zuwa 55 yana sauka kan ƙirji. Ƙananan zobban haɗi kuma gefe ake murɗa su a buɗe, baki ɗaya gaba, ɗayan baya, ba a wage su.

Akwai duwatsun da su da kansu suke yanka zare. Dogayen nan masu kama da bututu bakinsu kaifi ne, ki sa ƙaramin dutse mai zagaye a kowane gefensu. Duwatsun Bida da masu sana'ar gilashi na Masaga ke yi da narkakkun kwalabe, da na Krobo na Ghana da ake gasawa daga garin gilashi, suna da nauyi da faɗin huji, cikin hujin kuma yakan yi kaushi. Ki wanke su, ki bi hujin da siririyar waya, ki zura su a igiya mai kaki ta milimita 1 ko fiye. Murjani da lu'ulu'u kuwa ƙulli ake yi tsakanin kowane biyu, don kada su goge juna, kuma ko an tsinke ɗaya ne zai faɗi. Wannan aikin yana cin zare kamar ninki uku zuwa huɗu na tsawon sarƙar.

Saura launi. Dutsen gilashi iri biyu ne: wanda launin yake cikin gilashin tun daga narkawa, da wanda aka rina ko aka shafa masa a sama. Na farko ba ya zuba ko shekara nawa. Na biyu zufa, sabulu, humra da man shafawa duk suna cinye shi. Waɗanda suka fi ba da matsala su ne masu ruwan zinariya da azurfa, da hoda da shunayya masu ƙyalli sosai, da lu'ulu'un roba da fatarsa ke ɓarewa daga bakin huji. Masu azurfa a cikin huji su ma sukan yi duhu da zufa. Ko wajen 'yan koli a Kasuwar Kurmi kike saye ko a unguwa, ki fara da kaɗan ki gwada. Ki jiƙa 'yan ƙwayoyi a ruwan ɗumi da sabulu su kwana, ki murza su a farin ƙyalle, sannan ki fesa wa wasu turare ki sake murzawa. Ki fasa guda ɗaya da filaya a cikin tsumma: idan cikinsa fari ne ko garau alhali bayansa ja ne, galibi rini ne. Irin waɗannan a ajiye su don 'yan kunne da adon jaka, inda ba sa manne da fata. Na Japan irin Miyuki da Toho, da Preciosa na ƙasar Cek, sun fi daidaiton girma da santsin huji, sun fi tsada, amma su ma masu rini a cikinsu suna koɗewa, don haka kada suna ya hana ki gwaji.

Ƙarafan ma ki lura da su. Koren da tagulla ke bari a fata yana fita da sabulu, amma ƙaiƙayi da ƙuraje a inda maɗauri ke taɓawa yawanci daga sinadarin nikel ne da ke cikin ƙarfe mai araha. Shafa man farce marar launi yana taimakawa na 'yan kwanaki kawai, canza ƙarfen shi ne magani.

Duwatsun da suka warwatse miki ba su lalace ba. Ki tattara su a faranti da aka shimfiɗa wa tawul don kada su mirgine, ki ware masu fasasshen baki ki zubar, ki gwada launin sauran. Ki sake zura jigida ɗaya tak da lailon riɓi biyu, a sa ta mako biyu ana wanka da ita, sannan ki duba zaren kusa da ƙulli da kusa da manyan duwatsu. Idan ya fara gashi a wani wuri, dutsen da ke wurin ne mai kaifi, ki cire shi kafin ki yi sauran.